Bandejin Inna

Zipora ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Baba da mutanen Belbeji? Yaya ƙafar Inna? Sai a bakin Matta ɗan Kawu na ji tafasasshen kunu ya zubo mata. Ke da kike wanke ciwon kullum, ba ki ga ya kamata ki gaya mini ba?

Ni lafiya lau nake a Faransa. Aikinmu dai hasken nan ne, terahertz, mai nuna zurfin ƙuna ta cikin bandeji ba sai an kwance ba. Bai kai hoton radiyo, mai nuna ƙashi, ƙarfi ba, amma muna bincike ko yana cutar da fata in an daɗe ana haskawa. Baƙar fata ta yi ƙaranci a gwajin, shi ya sa nake miƙa hannuna duk Talata. Ɗan ɗumi ne kawai. Kar Inna ta ji.

Jiya na saurari saƙon murya da ta aiko. Sau huɗu ta ce "Zipora lokotorona", wai ke ce likitarta. Ni kuwa, wai ina cin abinci? Shekarata biyar a nan, ke wata tara kika yi kina koyon aikin jinya a Damagaram! Ban ce ba ki iya ba.

Matta ya ce kuka take in kina ɓare bandejin, ta gama ta sa miki albarka. Na'urar da za ta rage mata kukan tana gabana, ba a yarda ta fita ɗakin binciken nan ba tukuna.

Gobe ki jiƙa bandejin sosai kafin ki ja. Na san kin sani. Bar ni dai in faɗa.

Yayanki,
Yo'ila