Dutsen da Ya Faɗa Ɗakin Yakura

Litinin, 6 ga Mayu
Yau da sassafe muna kan tudun rairayi a bayan Gure, muna kafa shingen da ke hana ƙasa binne gonaki, sai wuta ta ratso sama daga gabas. Fara fat, da dogon hayaƙi a bayanta. A kan idona ta fashe, ta watse kamar an sheƙa garwashi. Sai da muka yi tsit kafin ƙarar ta iso, har a haƙorana na ji ta. Jakuna suka tsinke igiya.

Talata, 7 ga Mayu
Ashe wani gutsure ya huda rufin ɗakin Yakura, tsohuwar nan mai ƙosai a bakin tasha, ya ragargaza mata tulu. Na je na gani. Baƙi ƙirin, bai wuce dunƙulen hannu ba, amma nauyi! Dab da tabarmarta ya sauka. Majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya ce duwatsu ne masu yawo can sama, ba sa zaɓen gida, wanda ya samu a ka sai makara. Ba wanda ya tsaya ji. Nasa bayanin ba daɗi.

Laraba, 8 ga Mayu
Baffa Aisami, da nake zaune gidansa, ya samu aikin yi. Wai da idonsa ya ga tauraron yana kewaya unguwa, yana neman gida. "Ba shaiɗanu ake jifa da su ba? To me ya kai shi ɗakinta?" Mutumin da na bari yana minshari lokacin da na fita! Mutane kuwa sai gyaɗa masa kai kamar ƙadangaru.

Juma'a, 10 ga Mayu
An fara ce wa Yakura mayya. Ƙosai ya yi kwantai. Fadilu na unguwarmu, wanda da ƙosanta ya girma, yau sai da ya tsallake titi don kar ya bi ta gabanta. Waɗannan zan tsaya yi wa bayani?

Asabar, 11 ga Mayu
Ina sharar gonar Baffa na ga ɗan rami sabo. Na tona. Dutse ne, irin na ɗakin Yakura sak. Na kai masa, nan take fuskarsa ta canza.
"Ɗana, wa ya gan ka?"
Na ce ba kowa.
"Mai da shi ka binne. Ka riƙe bakinka."
Na ce, "Baffa, shi ma wannan neman gida ya zo yi?" Ya ce in tuna inda nake kwana.
Dutsen yana cikin buhun kayana. Ban binne ba.

Litinin, 13 ga Mayu
Ina aiki ina ɗaga kai ina duban sama. Shirme.

Laraba, 15 ga Mayu
Na bi ta tasha. Yakura na zaune, kasko a kife.
"Jikana, kai ma tsorona kake ji?"
Na ce, "Iya, ƙosan naki ne mai ya yi masa yawa." Ta yi dariya har da tari. Can ta ce mai unguwa ya kira ta gobe da hantsi. So suke ta tattara ta koma Bune, wajen dangin da rabonta da su tun ba a haife ni ba. Ta faɗa tana goge kaskon da ba a yi tuya a ciki ba.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na sa wankakkiyar riga, gidan mai unguwa za ni. Dutsen yana aljihu, sai ja mini wando yake. Na tambayi Mahamadu mai amalanke ko da wurin shimfiɗa a zaurensu, in ta kama. Ya ce akwai.
Ba wai don tsohuwar ba. Ƙaryar ce kawai ta ishe ni.
Na san abin da Baffa zai ce: yaro ne, ko lakkwal, makarantar boko, bai gama ba. To ya ce. Ba ni kaɗai na ga wutar ta fashe ta watse ko'ina ba. Mahamadu na wurin. Jibirilla shugaban aikinmu na wurin. Salima mai kawo mana fura ma. Da Balkisu, da ke ɗiban itace a gindin tudu, ƴar Baffa ta cikinsa.