Sunan da Bakina Ya Ƙi Faɗa

Sterling, Virginia

Zuwa ga Goggo Lanti,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida a Funtuwa. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau. Almu yana nan da aikinsa na kula da manyan kwamfutoci, Fatihu ya kusa kamo ni tsawo, Kausar kuwa Hausarta sai addu'a: tana jin komai, amma da Turanci take mayar da amsa.

Goggo, kin yi ta tambayata a waya me ya sa muryata ta canza a 'yan watannin nan, ina ce miki gajiya ce. Gajiyar akwai ta, amma akwai abin da ya fi ta, yanzu da Allah ya kawo sauƙi zan iya ba ki labari. Kin san karatun da na shiga, na nas mai sa majiyyaci barci a ɗakin tiyata, ta riƙe numfashinsa har a gama aiki ya farka. Kin kuma san wahalar da na sha kafin su ɗauke ni: shekarun da na yi a ɗakin masu ciwo mai tsanani, da jarrabawa, da intabiyun da na faɗi a karon farko. Pauline, ƙawata 'yar Kafanchan da muka yi aiki tare, ita ta zaunar da ni a falonta a garin Laurel tana yi min tambayoyi kamar alƙali, tana cewa in daina kallon ƙasa in ana min magana, har aka ɗauke ni a karo na biyu. Karatun ba ya haɗuwa da aiki, sai na ajiye aikina, gida ya koma wuyan Almu shi kaɗai. In aka kore ni, duk wannan ya tafi a banza.

Littafi bai ba ni tsoro ba. Matsalar ta zo ne da muka fara zuwa asibiti. Dokarsu a ɗakin tiyata ita ce, in abu ya rikice, ba a cewa a kawo abu kaza. Kowa yana sanye da takunkumi, injuna suna ƙara, kowa ya ɗauka da wani ake. Sai ki kira mutum da sunansa, ki faɗi abin da kike so, shi kuma ya maimaita. To mutumin da ke kawo mana kayan aiki wani dattijo ne ɗan Sudan, mai kirki, kuma sunansa sak sunan Baba, mahaifin Almu. An ma rubuta shi ɓaro-ɓaro a gaban hularsa.

Ke kika raine ni, kin san abin da kika dasa. Tun ranar da aka kai ni gidan Almu wannan suna bai fita daga bakina ba, ko ɗan maƙwabta ne mai shi sai in ce mai sunan Baba. Na gwada ce wa dattijon Malam, bai juyo ba. Na gwada sunan mahaifinsa, ashe shi kansa rabonsa da jin an kira shi da shi tun a filin jirgi. Sai na koma dabara: in matsa kusa da shi in yi magana, ko in ɗauko abin da kaina. A ranakun lafiya dabarar tana ci. Amma da aka yi mana gwaji da mutum-mutumin roba mai numfashi, aka toshe masa maƙogwaro da gangan, na tsaya ina cewa a kawo, a kawo, babu wanda ya motsa, har robar ta mutu a hannuna. Abby, malamar da ke kula da ni, ta rubuta cewa hannuna yana da kyau amma ba na iya ba da umarni. Ta ce in hakan ta sake faruwa za a kai maganata gaban kwamiti, kuma wanda ya je gaban kwamitin nan da wuya ya dawo aji.

Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda zan bayyana wa Baturiya cewa suna ne ya tsaya min a wuya. Almu da farko dariya ya yi, ya ce duk ilimin nan sai harafi biyar su kayar da ni. Da ya ga abincina ya ragu, sai ya kira Baba ba tare da ya gaya min ba, ya kwashe komai ya faɗa masa, sannan ya miƙo min waya ina tsakiyar tuƙa tuwo. Na durƙusa a nan kicin kamar yana ganina. Baba ya bari na gama gaisuwa, sannan ya ce, “Sailuba, sunan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, ni ma raɗa min aka yi. In ran mutum yana hannunki, ki kira shi da ƙarfi. Ni na ce.”

Kin ɗauka shi ke nan? Izini ya samu, baki ya ƙi. Sai na riƙa gwadawa a mota in zan tafi asibiti, gilashi a rufe, ina faɗinsa ƙasa-ƙasa ina waige, kamar za ki fito daga kujerar baya da muciya.

A makon da ya wuce aka kawo wani mutum mai jiki za a cire masa matsarmama. Na sa shi barci lafiya, Abby tana tsaye a bayana. Da na zo zura bututun numfashi, na leƙa ban ga hanya ba. Na sake gwadawa, babu. Akwai wata na'ura da ke nuna iskar da ke cikin jini, ƙararta tana sauka in iskar tana raguwa, na ji ta fara sauka. Abin da nake bukata shi ne na'urar leƙa maƙogwaro mai kyamara, dattijon kuma ya juya baya, hannunsa yana kan ƙofa zai fita. Goggo, ban san lokacin da na kira shi ba. Muryar da ta fito irin taki ce in awaki sun shiga rumbu. Ya juyo, ya maimaita abin da na ce, ya turo na'urar. Bututu ya shiga, ƙirjin mutumin ya ɗaga, ƙarar ta koma sama.

Abby ba mai yawan yabo ba ce. Ta ce kawai maganar kwamiti ta wuce, in je in sha ruwa. Dattijon ne ya same ni a waje, ya ce shi duk watannin nan ya ɗauka wani laifi ya yi min da ba na kiran sunansa. Da na gaya masa dalili sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu ba ta taɓa faɗin sunan mahaifinsa ba, bai zaci zai sake haɗuwa da irin wannan a ƙasar nan ba. Majiyyacin kuwa ya farka yana tambayar ko zai samu kofi.

Saura shekara ɗaya da 'yan watanni in gama, ki ci gaba da sa ni a addu'a. Yanzu ina barci, ina cin abinci, Almu ya koma tsokanarsa. Ki gaishe min da Kawu Sale da Inna Tasalla, da Yaya Hajjo da yaranta. Fatihu da Kausar suna gaishe ki. In kin shiga Zariya, don Allah ki tsaya wurin Baba ki yi masa godiya a madadina, ki gaya masa mutumin ya koma gida wurin iyalinsa da ƙafafunsa. A ɗakin tiyata yanzu ina kiran sunan kullum, da ƙarfi, kamar yadda ya ce. Amma ki duba takardar nan daga sama har ƙasa, Goggo, ba za ki same shi ba.

Taki har kullum,
Sailuba