Jinin Hazim Ba Shi da Suna

Umma,

Gaisuwa mai yawa daga Doha. Yaya ƙafar Abba? Ni lafiya lau, ina cin abinci, barci ne kawai sai a hankali.

Kin tambaya ko na ga Hazim a wurin aikina. Umma, rumbu ne a intanet, inda muke tara bayanin yadda jiki ke yanka ƙwayoyin gado yana sake haɗa su don jini ya gane cuta. Na kowa daban. Jinin da Hazim ya bayar a asibitin Alƙahira kafin ya rasu yana ciki, amma ana cire sunaye kafin a saka. Na roƙi shugabata ta nuna mini wanne ne nasa, ta ce, "'Yata, ko ni ban sani ba, kuma bai halatta mu nema ba."

Samari masu shekarunsa da cutarsa suna da yawa, Umma. Duk wanda na buɗe sai na yi masa addu'a, ko ƙanena ne.

Ki aiko mini da busasshen lalo, na nan ba ya yauƙi. Allah ya ƙara miki haƙuri. Abba kuwa, ki ce masa na ga Hazim, kuma ba shi kaɗai ba ne.

'Yarki,
Nashwa