Makubar Iya da Kwaɗina

Anti Adama, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mani dariya, don a gida an yi har an gaji. Ni yarinya ce, bara na gama firamare a Ketare, ba ni da yawan magana. Matsalata kwaɗi ne.

Ba manyan nan masu ƙuraje da ke ɓuya bayan randa ba. Ƙanana ne, ba su cika kan babban yatsana ba. A ganyen dawa na tsince su, bakin kududdufinmu, ranar da za a yi feshin ciyawa, na ƙunso su a gefen hijabi. Yayana Sha'ibu, mai aikin tagogin gilashi a Ƙanƙara, ya kawo mani tsohon akwatin gilashi da aka taɓa kiwon kifi a ciki, na zuba su.

Anti, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. In rana ta yi zafi sai su koma fari kamar alli, in gari ya yi sanyi su dawo ruwan ƙasa. Ɗaya ya hau gilashi ya manne, na ga maƙogwaronsa yana bugawa, na ga kowane yatsa da ɗan faifai a bakinsa. Na tsaya kallo har tuwo ya kama a tukunya. Sai na ji bakina yana tasbihi ban sani ba. Wanda bai manta da yatsan wannan ɗan abu ba, ashe ni ma bai manta da ni ba.

Na gina masu bango da yumɓu a cikin akwatin, da 'yan koguna na ɓuya. Amma da na yayyafa ruwa sai bangon ya narke, ruwan ya koma kamar kunu. Kakata Iya ita kaɗai ce ba ta yi mani dariya ba. Ta ce a shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake daɓe da shi, wai ɗakinta ya ga damina da yawa bai zaizaye ba. Da ciwon gwiwarta ta tattaro ɓawon, yanzu haka yana jiƙe a tukunya. Yaya Sha'ibu kuma ya ce in bar tsohon yayi, zai ba ni ragowar gam ɗin taga.

Na shinshina duka biyun, warinsu bai kwanta mani ba. Ina tsoron in kashe su da hannuna bayan na tsamo su daga feshi. Kuma ban taɓa ce wa Iya a'a ba, ko ido ban iya haɗawa da ita. Yaya zan yi?

Mai Kwaɗi, Ketare

'Yata Mai Kwaɗi, ban yi dariya ba. Hancinki ya faɗa maki gaskiya.

Kwaɗo ba da baki yake shan ruwa ba, da fatarsa yake sha. Duk abin da ya jiƙa a ruwan akwatin nan, jikinsa zai shiga. Iya ta yi daidai, makuba tana kare bango. Amma ita ce kuma wasu masunta ke zubawa a tafki kifi ya taso yana maye. Abin da ya bugar da tarwaɗa ba zai bar ɗan kwaɗonki ba.

Yayanki ma bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai gam ɗin taga sau da yawa akwai maganin hana fumfuna a cikinsa, wannan guba ce gare su. Fenti da kwalta ma kada su kusanci akwatin. In za a sa gam, yayanki ya nemo silikon, gam ɗin da ake haɗa akwatin kifi da shi. Ki kwashe kwaɗin tukuna, ki bar akwatin ya sha iska mako guda ko fiye, har warin tsamin ya tafi gaba ɗaya, sannan ki ɗauraye.

Amma da ni ce, ba zan shafa komai ba. Ki jera tsingaron tsohuwar randa da 'yan duwatsu. Yumɓun da ya sha wuta ba ya narkewa. Ki sa masu ruwan sama da ƙananan ƙwari masu rai, kuma kafin damina ta ɗauke ki mayar da su fadamar da ba a fesa ba. Amana ce, ba mallaka ba.

Iya kuwa, ba sai kin ce mata a'a ba. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta me makuba ke yi wa kifi. Ta fi mu sani, da kanta za ta janye tukunyar. Sai ki roƙe ta tsingaron, ku kuma daɓe inda akwatin zai zauna da makubarta. Haka wahalarta ba ta faɗi ƙasa ba: tana ƙarƙashin kwaɗinki, ba a cikin jikinsu ba.

Allah ya raya ki, ya bar maki wannan idon da ke ganin yatsan kwaɗo. Ki gaishe mani da Iya.

Anti Adama