Amshin da Anti Verlene Ta Jira

Zuwa ga jikata Danitra,

Kafin gaisuwa, ga kacici-kacici ki riƙe: kunne a toshe, baki a rufe, ciki cike da kiɗa. Mece ce? Kada ki ce ke ce, don abin da ke cikinki ba kiɗa ba ne, ɗan dambe ne. Amsar tana can ƙasa. In kika leƙa kafin ki karanta sauran, Allah yana kallonki.

To, bayan gaisuwa mai yawa, yaya nauyin jiki? Yaya kumburin ƙafa? Yaya Detroit, da mijin nan naki mai dogon wuya? Mu nan Mississippi lafiya lau, sai gwiwata da ke min tsegumi duk lokacin da hadari ya haɗo.

Kin ce in ba ki labarin Lahadin Dawowa Gida, ranar da 'yan cocinmu na nesa suke dawowa duk shekara, tunda likita ya hana ki tafiya. Ba zan faɗa a waya ba, kin cika katse mutum.

Yayata Verlene ta iso daga Memphis da akwati uku da hular gashi huɗu. Ke kin san ta a matsayin mai lambobin yabo, wadda 'yan mata masu waƙar soul suke durƙusa mata. Ni kuwa na san ta tun tana fitsarin kwance. Ita ce mace ta farko a yankinmu da ta tsaya a gaba maza suna mata kiɗa a baya, ita take ɗaukar makaɗa, ita take kora. Ta sha shiga gidajen rawa ta ƙofar kicin don an hana baƙar fata ƙofar gaba, ta fito mutane suna jifan ta da furanni. A wani gari ta ƙi buɗe baki sai da aka kwance igiyar da ta raba baƙaƙe da farare. Duk wannan kin ji. Ga wanda ba ki ji ba.

Babanmu dattijon coci ne, shi ke ba da waƙa ikilisiya tana amsawa, babu piyano babu ganga. Yana da wata da ya gada wurin kakarsa: “Ubangiji, bar mini fitila a taga, ina tafe.” Verlene ta ɗauki waƙar nan sukutum ta kai Memphis, ta cire Ubangiji ta sa masoyi, ta zuba mata ƙaho da ganga, ta buga ta a faifai. Duniya ta ɗauka. Coci kuwa ya ce ta saci kwanon Allah ta zuba giya.

Da Baba ya rasu, ta zo jana'iza, ta miƙe ta ba da waƙarsa yadda yake bayarwa. Babu wanda ya amsa. Coci cike, amma sai ƙarar mahuci. Ta sake bayarwa, shiru. Ni a ranar ina kwance ina naƙudar uwarki, wadda tun daga lokacin ba ta iya zaɓen ranar zuwa ba. Verlene ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ƙara taka cocin nan ba, fiye da shekara arba'in.

Bana likita ya ce zuciyarta ta gaji. Ta ce min, “Ozella, fadar shugaban ƙasa ta tafa min, amma mutanen da suka san sunan uwata ba su amsa min ba. Ina so in sake bayarwa sau ɗaya.” Na ce, “In kuma suka sake yin shiru fa?” Ta ce, “Sai ki binne ni a Memphis.” Ta faɗa tana dariya. Amma kabarin da ta saya tun tuni yana kusa da na Baba.

Ƙaramin fastonmu ya yarda nan take, shi da ko gemu bai gama fitarwa ba. Matsalar ita ce Mama Eula Rucker, shugabar iyaye mata masu fararen kaya da ke zama a bencin gaba. Ita ce ta fara naɗe hannu a ranar jana'izar, sauran suka bi. Na kai mata kek ɗin dankali har gida, can tsakiyar gonar auduga inda take zaune ita kaɗai da kaji. Ta cinye rabi, sannan ta ce, “'Yar'uwa Ozella, kunnena bai taɓa jin faifan shaiɗan ɗin nan ba, kuma bakina ba zai amsa wa mai shi ba.” Na ɗauke sauran rabin na dawo.

Abin da ya fi damuna ma ba ita ba ce. Yaran yanzu ba su san waƙar Baba ba. Tsofaffin da suka iya kusan duk suna maƙabartar bayan coci a kwance. Ko da an so amsawa, wa zai amsa? Ni kuma kin san muryata, ko kare ba ya tsayawa.

Ranar Lahadi coci ya cika da 'yan Chicago da 'yan St. Louis, tarwaɗa tana soyuwa a ƙarƙashin itatuwa. Verlene ta miƙe da farar riga, babu ƙyalƙyali ko ɗaya, ta dafa benci ta ba da baitin farko. Muryar ta tsufa, Danitra, ta zama kamar tsohuwar ƙofa. Aka yi shiru. Na buɗe baki zan saki tawa ko ta halin ƙaƙa, sai na ji ɗan gungunin muryoyi daga baya. Matasa ne. Ba su san kalmomin ba, amma karin yana jininsu, da shi aka yi rawar bikin iyayensu, shi suke ji a mota tun suna goye. Suka amsa da hanci, sannan da baki. Ashe waƙar Baba a faifan nan ta ɓuya har ta tsira.

Bencin gaba dai hannu a naɗe.

To, a faifan akwai wani wuri da babu shi a waƙar Baba. Verlene takan tsaya cak, ta buga ƙafa sau biyu, sannan ta haye sama da murya kamar mai hawa tsani. Da ta zo wurin, jiki ya tuna, ta tsaya cak, amma numfashi ya ƙi zuwa. Na ga ta lalubi benci. Sai na ji ƙwas, ƙwas, sandar wani ta bugi katako sau biyu, wata siririyar murya ta haye tsanin nan mataki-mataki, har da 'yar karkarwar da ke can ƙololuwa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Verlene ta juya ta dubi mai muryar. Su biyun suka ƙarasa tare, coci duka a tsaye.

A wurin cin abinci na je na zauna kusa da mai sandar, na ce, “Mama, ashe kunne yana ji ta bayan toshiya?” Ta ce, “Maƙwabta ne suke kunnawa, bangon gidana ba kauri.” Danitra, maƙwabcinta mafi kusa sai an shiga mota.

Verlene ta ci tarwaɗa uku, likita ya yi haƙuri. Da yamma ta sa na raka ta bayan coci, ta daɗe tana duban filin da ke kusa da Baba, ta ce wurin yana da inuwa. Tun ranar take barci kamar jaririya, tana min minshari a ɗaki.

Ki kula da kanki. In ɗan damben ya fito, ki rera masa waƙar, da Ubangiji ko da masoyi, duk wanda ya zo bakinki. Ki gaida mai dogon wuya. Antinki tana gaishe ki, ta ce a aiko hoto.

Taki har kullum,
Kakarki Ozella

Af, na kusa mantawa. Kunne a toshe, baki a rufe, ciki cike da kiɗa: Mama Eula Rucker ce.