Gara Ƙarfe da Hulda

Zuwa ga 'yata Emilia,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan ke da mijinki Celestine da yara kuna lafiya a can Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya ba ku ƙarfin jiki. Mu nan Kafanchan da sauƙi. An yi ruwa sosai, acca ta yi kyau. Idona dai ya tafi, ƙafa ma tana bin bayansa, amma kunnena da hankalina suna nan daram, duk da akwai masu so a ce ba sa nan.

Littafin Turancin da kika aiko maimakon ƙafarki ya iso. Hulda, matar da wanki Dogara ya mutu ya bar mini, ita ke karantawa da yamma tana juya mini da Hausa, kuma mun gama shi. Labarin wani tsoho ne a cikin jirgin da ya bar duniya zai je wata tauraruwa. Su biyu ke jinyarsa, wata mace da wani mutumin ƙarfe da aka ƙera. Macen ba ta da aiki sai hani, kada ya ci wannan, kada ya sha wancan, kada ya tashi. Na ƙarfen kuwa, in tsoho ya ce a ɗaga shi, sai ɗagawa. Ba tsaki, ba ajiyar zuciya. A ƙarshe tsohon ya roƙi a kai shi wata taga a bayan jirgin ya hango duniya. Macen ta ƙi, wai sanyin wurin zai kashe shi. Da ta ba da baya, na ƙarfen ya sungume shi ya kai shi. Ya hango duniya ƙarama kamar ƙwayar acca, nan ya cika.

Da muka zo wurin sai Hulda ta fashe da kuka, wai ƙarfen nan ya kashe bawan Allah don ba shi da zuciya. Ni kuwa na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce mata wannan tsoho ya mutu yana mai gida, ana jin maganarsa. Ni fa? Ta cire gishiri daga miyata. Burukutun da abokina Arzika ya kawo mini ta zubar a bayan gida, wai likita ya hana. Na ce ta ɗora ni a Keke Napep ta kai ni gona in taɓa ƙasar da hannuna, ta ce hanya ba kyau, zan faɗi. To in na faɗi, jikin wa?

Ban manta ba, Emilia. Ita ta zuga Dogara ya zuba citta a gonar nan duka, shekarar da cuta ta cinye citta. Na ce a bar rabi a sa masara, aka ce tsoho bai san zamani ba. Da gona ta ƙi, Dogara ya koma acaɓa a hanyar Kagarko, aka kawo mini shi a nannaɗe. Yanzu ita ce mai hana ni gishiri don kada in mutu.

Ga abin da na yanke. In kin zo Kirsimeti, Hulda ta tattara kayanta ta koma gidan ubanta. Ba ta haifa ba, babu abin da ya ɗaure ta a nan. Gonar zan ba Arzika ya noma. Ki samo mini ɗan aiki, kowane ne, wanda in na ce e, e ce. Matan zumunta na coci za su ce ai ita ke yi mini wanka, ita ke kwashe ƙazantata tun mutuwar mijinta. Na ƙarfen ma ya yi duk wannan, kuma ba wanda ya tashi a coci ya yabe shi.

Hulda ce ke rubuta wannan wasiƙa, tunda ban yi boko ba. Na gaya mata kada ta tsallake ko kalma ɗaya, don Fasto Nelson zai karanta mini kafin a aika. Ga shi ina jin biro ya tsaya, tana jan hanci. Da na ƙarfen ne, da bai jiƙa mini takarda ba.

Ki gaishe da Celestine, da jikata Dinah, da ƙanwar mijinki Faustina in tana nan wurinku. Allah ya kai mu Kirsimeti.

Ni ne mahaifinki,
Abednego