A Sauke Fuskar Ɗana Daga Bangon Kanti

Zuwa ga Baturen kantin riɗi da ke bakin kasuwar Lafiya, wanda mutanen gari suke kira Mai Gawayi.

Aminci ya tabbata ga wanda ya bi shiriya.

Daga Malam Kyari, mai karantarwa a zauren da ke yamma da masallaci. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta mutanen da ke ƙarƙashinka. Bayan haka, na rubuta takardar nan biyu: ɗaya tafintanka zai karanta maka, ɗaya kuma za a karanta a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, domin abin da ya same ni a gaban jama'a ya same ni. Kafin in ɗauki alƙalami na zo ƙofarka da ƙafata, aka ce kana hutawa. Na sake zuwa, aka ce kana da baƙi.

Babu wanda bai san zauren da ka shafe da farar ƙasa a gefen kantinka ba, inda kake rataye fuskokin mutanen da ka zana da gawayi a takarda. Akwai matan Awe masu dafa gishiri, akwai manomin Agyaragu da garmarsa a kafaɗa, akwai wani maharbi daga kan dutse. Ka buɗe ƙofa kowa ya shiga ya yi kallo, har zancen ya zama abin hira a majema da marina. Na ji masu zanen ƙwarya na Akurba sun fara sa fuskar mutum a inda iyayensu ke sa ganye da tauraro. Hukuncin wannan a addininmu sananne ne: mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da aka kafa surar mai rai, kuma za a nemi mai zanawa ya hura rai ga abin da ya zana. Amma kai ba ka kan addininmu, zaure kuwa naka ne, ban zo yi maka wa'azi ba. Kukana a kan takarda ɗaya ne, wadda ke fuskantar ƙofa. Wanda ke cikinta ɗana ne na fari, kuma ya rasu.

Na farko, yadda aka yi ka zana shi. Shi bafatake ne, yana ɗauko gishiri daga Awe, da kaka kuma ya tara riɗi ya kawo maka. Bara yana jiran a ɗora buhunansa a sikeli, ka yi masa nuni da hannu ya zauna ya ɗaga haɓa. Tafinta ya ce masa Bature yana son duba tsagar fuskarsa ne, irin ta Barebari. Ya zauna, domin ba a koya masa ƙin roƙon baƙo ba. Ba wanda ya gaya masa za a kafa shi a bango jama'a su riƙa kallo. Da ruwan farko na bana, yana dawowa daga Awe, zazzaɓi ya kama shi a hanya, ya cika a wani ƙauye. Abokan tafiyarsa suka binne shi a can, suka koro mana jakunansa, suka kawo rigarsa. Muka yi haƙuri, muka karɓi gaisuwa, muka ce daga Allah muke kuma gare shi za mu koma.

Na biyu, matarsa. Ba zan faɗi sunanta a nan ba. A shari'armu matar da mijinta ya rasu tana zaman takaba: tana gidansa, ba ado, ba yawo, har wa'adinta ya cika, sannan ta fita ta kama sabuwar rayuwa. Hikimar hakan ita ce zuciya ta sallama. Ita ma ta fara sallamawa, sai wata mai tallan manja ta shigo gidan ta ce mata, “Ke kina nan kina kuka, ga mijinki can a kanti ido biyu, har da rawaninsa!” Da rana tsaka ta fita da zanen takabarta, ba takalmi, ta ratsa kasuwa, ta je ta tsaya a gaban takardar nan har la'asar. Mai gadinka ya kore ta, washegari ta koma. Masu sayar da doya sun san lokacin wucewarta, wasu suna tausayi, wasu suna ƙyafta wa juna ido. Yanzu ta daina cewa marigayi. In ta yi tuwo tana ɗebe nasa ta rufe da faifai. Ta durƙusa a bakin zaurena ta ce, “Baba, wanda aka binne, yaya ake yi yana bin mutum da kallo?” Shekaru ina amsa tambayoyin gado da aure da tsarki, amma ban sami amsar da za ta shiga zuciyar yarinyar nan ba.

Na uku, ni kaina, kuma wannan ne ya fi mini nauyin faɗa. Akwai abin da ba ka sani ba game da mu. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya ƙura masa ido. Kunya ce muka gada, ba ƙiyayya ba, kuma a wurinmu ado ce. Nawa kuwa sunan mahaifina na sa masa, sai nauyin ya zama biyu. Tun da aka haife shi, in ya zo gaishe ni yana durƙushe kansa a ƙasa, ni kuma idona yana kan allo ko kan tabarma. Na san tarinsa daga soro, na san takunsa a cikin takun mutane, na san inuwarsa in ta faɗo bakin ƙofa. Fuskarsa ta girma kuwa, a gefen ido kawai na santa.

Da abin matarsa ya yi yawa, na tafi zauren naka don in dawo da ita. Tafintanka ya gan ni ya taso da fara'a, a zatonsa karrama ni zai yi. Ya nuna rubutun da ka yi a ƙasan takardar ya ce, “Malam, ga naka nan, Bature har sunansa ya sa,” sannan ya kira sunan da ƙarfi a gaban mutane, sunan da bai taɓa fita daga bakina ba. Kafin in kau da kai na riga na duba.

Ashe ɗana ya yi furfura. Ka sa masa ita da farin alli, ƙwara-ƙwara a gefen gemu. Ashe kuma goshinsa da zaman idonsa na mahaifina ne sak. Mutum ya girma a gidana har ya fara tsufa, ban gani ba, sai a hannun baƙo, a jikin bango, bayan ƙasa ta rufe shi. Na matsa dama yana kallona, na matsa hagu yana kallona, shi da bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba.

Na san takarda ce da gawayi. Na san rai ba ya zama a takarda, ina kuma karantar da hakan. Sanin bai amfane ni ba. Tun daga ranar, in na ɗaga hannu zan yi kabbara, fuskar nan tana tsayawa tsakanina da alƙibla. Ina mance raka'ar da nake ciki, ina ta gyaran salla kamar sabon koyo, har masu bina sun fara duban juna bayan sallama. Da, in zan yi masa addu'a, kabari nake tunawa a bakin wata hanya, zuciyata ta kwanta. Yanzu bangonka nake tunawa, sai in ga kamar ba a gama binne shi ba.

Na huɗu, labarin da ya sa na ƙi ƙara jira. An ce Turawan da ke awon hanyar jirgin ƙasa sun zo kallo, sun zaɓi wannan takarda a cikin duka, kuma wani kafinta yana haɗa mata akwati. An ce za a kai ta bakin kogin Binuwai, jirgin ruwa ya wuce da ita ƙasarku, a rataye ta a wani babban gida da mutane ke zuwa don kallo kawai. Mu mamaci sutura ake yi masa, a gaggauta, a rufe. Ɗana kuma za a bar shi ido buɗe a gaban mutanen da ba wanda zai ce Allah ya jiƙansa, har bayan ni na mutu, har bayan duk wanda ya san shi ya mutu. Matarsa ta ce in akwatin ya tashi za ta bi shi har bakin kogi. Na ga idonta lokacin da ta faɗa, kuma na gaskata ta.

Ban ce ka yi nufin cuta ba. An gaya mini da ka ji rasuwarsa ka cire hularka don girmama shi. Hannunka kuma gwani ne, da ba gwani ba ne da babu wanda ya shiga wannan hali.

Don haka ina roƙonka abu uku. Ka hana a sa takardar nan a akwati. Ka sauke ta, ka aiko mini da ita a lulluɓe da farin ƙyalle, ta hannun dattijo, ba ta tsakiyar kasuwa ba. In kana jin bangon zai zama fanko, ni zan zana maka zayyana irin wadda muke ƙawata allo da ita, da tawada ja da baƙa da rawaya, babu aya a ciki, babu mai rai, ka rataye a gurbinta.

Ba na ɓoye maka abin da zan yi da ita. Zan zaunar da matarsa da mahaifiyarsa su gani, in sa ruwa a ƙwarya in wanke gawayin kamar yadda muke wanke allo, har takardar ta koma fara, a zuba ruwan inda ƙafa ba ta takawa. Waɗansu bayin Allah da ban sani ba ne suka yi masa wanka a hanya. Wannan ni zan yi da hannuna, ko yarinyar nan ta yarda ya tafi, ta koma ɗakinta ta cika takabarta.

In kuwa ka ga ba za ka iya rabuwa da ita ba, to ko juya fuskarta ga bango ka yi, ka dakatar da akwatin, ka ba ni dama in zo mu zauna.

Allah ya shirye mu da kai zuwa ga abin da ya yarda da shi. Allah ya tsare ka daga zazzaɓin ƙasar nan, ya mayar da kai gida lafiya. In ajalinka ya zo, Allah ya sa ya same ka a cikin danginka, su rufe maka ido da hannunsu.

Wassalam.

Malam Kyari,
Yamma da masallaci, Lafiya.